Gashin Bakin Bawale

Wani mutum ne a garinmu, Bawale, direban a-kori-kura. Abu biyu yake tinƙaho da su a duniya: gashin bakinsa, wanda yake murzawa har ya yi ƙaho, da kuma wai shi yana ganin faɗuwar ɗan dambe tun kafin a ɗaure hannu.

A gidan kallon Isiya yake cin kasuwarsa. Da an kunna dambe sai ya kanne ido ya ce, "Wancan dogon, a turmi na biyu zai sha ƙasa." Turmi na biyu kuwa, tim! Wuri ya kaure da ihu. Shi ko gogan sai murza gashin baki yake, yana cewa, "Baiwa ce, ba koyo ba."

Baiwar ina! Ashe damben da Isiya ke nuna mana kwantai ne, a memori ake kawo masa daga birni. Bawale kuwa ya riga ya kalle shi can a tasha yana jiran lodi. Mu kuma sakarkaru har shayi muke saya masa. Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni.

Ran nan Isiya ya haɗa sabuwar na'ura, ya sanar cewa yau kai tsaye za a kalla, abin da yara ke ce wa layif. Bawale bai ji ba, yana can yana sauke albasa. Ya shigo a makare, ya hango Na-Tsamiya da Gajeren Kwari a fili. Ai ya ga karonsu a birni! Bai san wannan na ramuwa ba ne.

"Gajere ya gama yawo," in ji shi. "Turmin farko."

Tsalha wanzami ya ce, "Bawale, yau dai bi a hankali."

"Ni? In Gajere bai faɗi ba, ga gashin baki, ga askarka!"

"Jama'a, kun shaida?"

"Mun shaida!"

Turmin farko ya wuce, Gajere na nan ƙyam. Bawale ya gyara zama.

"Na biyu na ce."

"Na farko ka ce!"

Ana komawa, Gajere ya duƙa ya kawo wani naushi daga ƙasa, ƙum! Na-Tsamiya ya zube ragwaf.

Bawale ya miƙe zumbur, gumi sharkaf. "Ƙarya ne! Isiya, mayar da shi baya!"

"In mayar da me? Yanzu ake yi. Ga mutumin can ko tashi bai yi ba."

"Wane irin yanzu? Wallahi Gajere ne ya faɗi! Da idona na kalle shi a tasha ranar Juma'a, har sau biyu!"

Ba ka jin komai sai Tsalha yana wasa aska a fata, ƙyas, ƙyas. Ya jawo benci da ƙafa.

"Zauna, Bawale. To hango mana, ɓangaren dama ne zai fara faɗuwa ko na hagu?"