Sanarwar Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙungiyar Gishirin Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da ba shi da magani, Salmanu mai jita, mazaunin Al Rigga a Dubai, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata a kan teburin wani mai gyara a unguwar Naif, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta zo hannunsa ne ta-hannu, da tsaga a gefen allonta, a shekarar da ya fara aiki a wani ofishin kago mai aika kaya gida, a kasuwar Murshid Bazaar. A lokacin shi kaɗai yake kaɗa jitarsa a ɗaki. Sai ya haɗu da Hadi, ɗan Maraɗi mai ɗaure kaya, wanda duk kwalin da ya zo gabansa sai ya mai da shi ganga, da Saratu, ma'aikaciyar jinya mai murya kamar ana yaga sabon yadi. Su ukun suka kafa Gishirin Teku, suna kiɗan rok da Hausa. Turawa ba su jin baitin, 'yan kasuwarmu kuma suna cewa hayaniya ce. Gwaggo ce kaɗai ta saurare su tun daga farko.

A siton ofishin suka ɗauki waƙoƙinsu na fari, ranakun hutu da rana, tsakanin dilolin abaya da kwalayen takalma, saboda kayan suna shanye amo. Makirfo ɗaya ne, an ɗaure shi da igiyar ɗaurin kaya. A nan aka haifi “Kaya Sun Maƙale” da “Zafin Yuli”, da wata doguwa da ba a taɓa raɗa wa suna ba, wadda Hadi ya fashe da dariya a tsakiyarta aka bar dariyar a ciki. Daga baya sun yi wasa a wani ɗan zaure a unguwar Al Quoz, an tafa musu sosai, har wani ya karɓi lambarsu bai taɓa kira ba.

An shaidi marigayiyar da haƙuri. Ta sha zafin sito, ta sha shayi sau da dama, ba ta taɓa cewa waƙa ba ta yi daɗi ba. Iyakarta idan ta gaji fankarta ta ɗauki “fuuuu”, kuma wannan numfashin nata yana ƙarƙashin kowace waƙa da suka ɗauka.

Ƙungiyar ta riga ta watse kafin ita. Aiki ya mai da Saratu Abu Dhabi. Bizar Hadi ta ƙare, ya koma gida da niyyar dawowa, zazzaɓi ya ɗauke shi a can, Allah ya jiƙansa. Tun daga nan Salmanu bai ƙara buɗe waƙoƙin ba, bai kuma kwafe su ko'ina ba. Kullum yana ganin akwai gobe.

Watan jiya Muhsinat, matar Hadi, ta kira shi. Ta ce 'yarsu ta fara wayo, tana tambayar yadda muryar babanta take, wayar da ke da saƙonninsa kuwa ta daɗe da lalacewa. “Yaya Salmanu, ko dariyar nan ce kawai, a turo mana.” Ya ce mata insha Allahu kafin Juma'a.

Da ya kunna Gwaggo, allo ya yi haske, ya ga sunayen waƙoƙin a jere. Yana miƙa hannu sai cikinta ya fara “ƙis, ƙis, ƙis”, allon ya ɗauke. Ya zaga da ita Naif shago-shago, rungume a ƙirji. Mai gyara na ƙarshe ya buɗe ta, ya duba, ya mayar da murfin a hankali, ya ce da Larabci, “Khalas, habibi, shi ke nan. Abin da ke ciki ya goge.”

Ta rasu ta bar caja mai naɗe da salatif, da jaka mara zif, da jitar da ta daɗe a jingine. Ta bar Saratu, wadda ta ji labarin a waya daga Abu Dhabi. Ta bar Salmanu, wanda yake iya rera kowace waƙa daga farko har ƙarshe, amma ba ya iya yin irin dariyar Hadi.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar bayan la'asar, daga gidansa zuwa akwatin tsofaffin kayan lantarki da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga. Ana karɓar gaisuwa a ɗakinsa. Ana roƙon masu zuwa kada su tambaye shi me ya sa bai ajiye kwafi ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar Gishirin Teku a tsohuwar waya, ko rabin waƙa ce, ko ba ta fita sosai, don Allah ya zo da ita. Wanda kuma ya san Muhsinat, ya daure kada ya tura mata wannan sanarwa. Salmanu zai kira ta da kansa, da zarar ya san abin da zai ce.