Rasuwar Akwatin Rediyon Malam Shitu, Wanda Aka Kashe Da Lafiyarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi da ya rasa inda zai sauke shi, Malam Shitu Ɗanmaliki, malamin kimiyya a nan Karaye, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Yammedi da Rogo Sabon Gari rasuwar akwatin rediyonsa. Marigayin ya cika ranar kasuwa, a watan Maris na 1989, yana da shekara takwas a gidan.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya cin batir kamar na maƙwabta. Kullum kafin azahar Malam Shitu yakan zaunar da shi a kan benci, ya ja eriyarsa, ya murɗa gajeren zango. Sai ya fara da "shhhh", ya bi da "wiii-wuu", sannan muryoyin ƙasashe masu nisa su fito. Malam Shitu ya duba agogo, ya rubuta ƙarfin kowace murya a littafi, ya aika wa wani malamin jami'a mai binciken rana. Abin da suke bi shi ne wannan: rana takan yi tabo, takan yi aman wuta, sai iskar can sama da ke maido da muryar rediyo ƙasa ta rikice, tashoshin nesa su ɗauke da tsakar rana. Babban irin wannan sai kusan shekara goma sha ɗaya yake zagayowa. Shekara takwas Malam Shitu yana jiran shirun nan, mutane suna cewa boko ya taɓa shi.

Ranar da shirun ya zo, yana Rogo wajen suna. Matarsa Hajo, Allah ya saka mata, ta ji muryoyin sun ɗauke, ta rubuta lokacin kamar yadda ya koya mata. Saura a zauna a ji lokacin da za su dawo, shi ke nan aiki ya cika.

Sai ga yayansa Mijinyawa ya shigo jin labaran duniya. Ya murɗa, shiru. Ya ba marigayin mari biyu a ƙeya. Ya cire batiran ya shanya a rana, ranar da ita ce ta yi aika-aikar. Hajo ta ce, "Yaya, Malam ya ce in ya yi shiru kada a taɓa." Ya ce, "Ke dai kawo mayafi. A ce ƙanena ya dawo ya tarar da kayansa a mace ina gari?" Ya naɗe shi ya yi kasuwa, wajen Muntaka mai gyaran agogo da tocila.

Rediyo shida aka kai wa Muntaka a wunin nan, duk ciwo ɗaya, kuma bai tsaya ya tambayi kansa ko annoba ce ta faɗo wa rediyoyin Karaye ba. Ya farke cikin marigayin, ya murɗe duk abin da ke murɗuwa, ya ɗiga masa dalma a inda ba a taɓa ɗigawa ba. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙit". Zuwa la'asar duk rediyon da aka ƙyale a gida ya dawo da magana da kansa.

Abin da ya fi ci wa Malam Shitu rai, da ya dawo sai da ya durƙusa ya ce, "Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci." Babba ne, ya yi ne don alheri, ba a ɗaga masa murya. Ya shiga ɗaki ya ciji hannun rigarsa har ya huda.

Marigayin ya bar eriya ɗaya a lanƙwashe, da batir huɗu da suka sha rana, da littattafai tara. A na taran akwai layi mai lokacin farawa ba na ƙarewa, ga kuma wasiƙar malamin jami'a da ta iso jiya tana tambayar minti nawa shirun ya yi a Karaye. Ba wanda ya sani. Wanda zai faɗa ya cika a kan teburin Muntaka, hanjinsa a waje.

Za a sa marigayin a kwalinsa gobe da hantsi, a tura shi ƙarƙashin gado. Ana roƙon Muntaka ya maido da sukurori uku da suka rage a wurinsa domin a rufe shi cikakke, amma ya aiko da su, kada ya zo da kansa. Duk mai shirin cewa "ai sai a sayi wani" ya zauna a gidansa.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar, kwana uku. Bisa al'ada, babban gida ne zai zauna a kan tabarma ta gaba, don haka masu zuwa su fara miƙa ta'aziyyarsu ga Yaya Mijinyawa.