Umar Ya Mutu Sau Goma Sha Ɗaya

"…da gajiya kuma, amarya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Amaryar wa? Ai an raba aurenmu tun ranar da ka kawo mini goro mai tsutsa."

"Tsutsar ce naman gara. Ke ce ba ki da godiya."

"Matsa can, kana tare mini iska da waɗannan kunnuwan."

Duk garin Mallawa, in ka cire tudun kasuwa, babu inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa kamar bakin garken awakin Inna Hinda. Shi ya sa jikanta Ɗayyabu ya zama mai zumunci da ƙarfin tsiya. Kullum da la'asar sakaliya sai ya zo ya kifa turmi ya zauna, ya kafa wa waya ido. Ita kuwa tsohuwar, wadda rabin garin a hannunta suka faɗo duniya, ga ta da sanin saiwa da sassaƙe, tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.

Abin da yake yi a wayar wani wasan yaƙi ne. Mutum takwas ne suka haɗa ƙungiya, kowa yana garinsu, sai su shiga kogo tare su tari dodo. Wansa Umar, wanda ya shekara uku yana aikin gini a Tamanraset, shi ne mai garkuwa, wato mai tsayawa a gaba ya sha duka. Ɗayyabu kuma mai magani ne, aikinsa ya riƙa warkar da Umar kafin dukan ya kai shi ƙasa. In ka kira Umar a waya, "lafiya lau" kawai za ka samu, sai ya ce shef, wato ubangidansa a wurin aiki, yana kira. Amma a cikin wasan sai ya yi awa guda yana zuba, har dariya yake yi. Ɗayyabu ba shi da wata ƙofa zuwa wurin ɗan'uwansa sai wannan, kuma yau da safe aka aiko masa cewa ana shirin rufe ta.

Ya zo tun azahar ba ta wuce ba, bai ko ciro wayar ba. Hinda ta dube shi ta gefen ido.

"Yau kuma wa ya mutu, ka zo mini da baki kamar an tsoma zakara a ruwa?"

"Umar."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"A cikin wasa," ya yi maza ya ƙara. "A wasa, tsohuwa. Yana nan lafiyarsa lau."

"Allah ya shirye ka. Da ka kashe ni, da wa zai aure ka?" Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. "To, ya mutu. An yi masa wanka?"

"Ba a wanka. Tashinsa ake yi."

"Astagfirullah. Wa ke tashinsa?"

"Ni. Shekaranjiya mutum shida na tayar kafin shayi ya tafasa."

"Shida kacal? Ni na taɓa karɓar haihuwar aljana a kogon kukar Sassumbrum, ƴan huɗu, duk ta ƙafa suka zo. Har yau in na wuce ƴaƴan suna gaishe ni."

"Shi ya sa kike magana ke kaɗai a hanya."

"Gara ni da aljanu nake magana. Kai da gilashi. Sau nawa ke nan mijin nawa yana mutuwa a hannunka?"

Ɗayyabu ya sosa ƙeya. "Goma sha ɗaya."

"Na gane. Kishi ne. Ka ga shi na fara aura, shi ne kake aika shi barzahu don ka gaje ni da awakina."

"Wa zai yi kisan kai a kan mai haƙori uku?"

"Huɗu. Ɗaya yana ciki, na ajiye shi don ranar sallah."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Sai ya gaya mata gaskiya. Shugaban ƙungiyar, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, ya ce haƙurinsu ya ƙare. In mai garkuwa ya faɗi, dodo bi yake ta kan sauran ya tattake su kamar jaki a shanyar gero. Gobe bayan la'asar za su sake shiga kogon, in Umar ya sake mutuwa, za a cire Ɗayyabu a sa wani ɗan Agadas.

"To, mu ji," in ji Hinda, ta gyara zama irin na wadda aka kawo wa mara lafiya. "Maganin naka, me ake haɗawa?"

"Ba a haɗa komai. Haske ne kore, danna shi ake yi."

"Da ɗaci?"

"Ba a sha."

"Kana ɗanɗanawa kafin ka ba mutane?"

"Na ce miki ba a sha."

"Mai maganin da ba ya ɗanɗana maganinsa a gaban majinyaci, a zamaninmu da muciya ake raka shi bakin gari. Shi dodon fa, wa ke masa magani?"

"Dodo ne fa, Inna."

"Mutum takwas a kan bawan Allah ɗaya, a cikin ɗakinsa, ba ko sallama. In ya zo nan ni zan duba shi."

"Ai za ku daidaita. Tsararki ne, kuma shi ma ba ya wanka."

"Ka aiko shi, ya fi ka ƙirji. Yanzu gaya mini, in ana dukan Umar, kai kana ina? Barci?"

"Ina wurin."

"Hasken ya ƙare?"

"Yana nan."

"To, yatsa ne ya shanye?"

Nan Ɗayyabu ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Abin da bai iya gaya wa shugaban ƙungiya ba ke nan, don ya san ba zai shiga kunnen kowa ba. Duk lokacin da dodo ya yi wutsiya ya watsa wa jama'a wuta, kowa yakan ji rauni. Sai ya ga ga mutumin Maraɗi yana jini, ga na Tawa yana rarrafe, ga kuma Umar.

"Ta yaya zan tsallake baƙi in fara da wanda muka fito ciki ɗaya? A ce mai maganin Mallawa ɗan'uwansa kawai ya sani? Sai in fara da su, in ce in na gama in dawo kansa. Kafin in dawo…"

"Ya sheƙa."

"Ya sheƙa."

Hinda ta yi dariya har sai da wata akuya ta daina tuƙa ta juyo. Ta share ido da bakin zane.

"Kara kake yi wa mutane da ran wanka. Kai dai jinin gidan nan ne, ba a musanya ka a wurin wanka ba. To kai kaɗai ne mai magani a garin naku na gilashi?"

"Mu biyu ne. Akwai Gajere, tela ne a Guci. Shi ke kula da ƴan baya, masu baka da kibiya."

"Shi makaho ne? Ba ya ganin Umar yana faɗuwa?"

"Yana gani. Amma akwai ladabi. Mai magani ba ya sa hannu a majinyacin ɗan'uwansa sai an ce masa bismilla. In ya yi, kamar ya ce wa duniya ban iya ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji ta, ta ɗaga yatsa. "Wannan ko a wurinmu haka yake. Wa ya koya muku?"

"Dokar ƙungiya ce. Akwai wasu. Ba a tayar da mutum a cikin wuta. Ba a yi wa wanda aka warkar gori. Wanda ya mutu kuma ba ya zagin mai magani fiye da sau biyu."

"Sau biyu? An gatanta ku. Ni wata mai naƙuda a Dungas ta zage ni tun daga hantsi har la'asar, ta haɗa da kakana, da aka yi suna kuma ta sa wa ƴar sunana. To kai me ya hana ka ce wa Gajeren bismilla?"

"In ce masa me? Na kasa da wana?"

"Watau kai kana kara, shi yana ladabi, Umar yana mutuwa. Mutanen kirki biyu sun taru sun kashe mini miji sau goma sha ɗaya." Ta ɓare gyaɗa biyu ta jefa a baki. "A cikin ƴan bayan nan na Gajere, akwai wanda shi ma ba ya daɗewa?"

Ɗayyabu ya ɗago. "Akwai wani. Kullum shi ke fara faɗuwa a cikinsu."

"Me ke tsakaninsu?"

"Wan matarsa ne."

Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa. Gajere, wanda ko a hanya in ya hango surukin nan sai ya sake lungu, shi ne aka ce ya riƙa tsayawa a gabansa yana watsa masa haske. Wata uku, duk faɗuwar da surukin ya yi, rezon Guci ake zargi.

Hinda ta ture ƙwaryar gefe. Muryarta ta sauka.

"Lokacin da ubanku yana goye, ya yi wani zazzaɓi har idonsa ya juye." Ba ta kama sunan Amadu ba, ɗan farinta ne, shekara hamsin ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. "Ina da maganin a rataye a ɗaki. Amma ɗan fari ne, ga uwar miji a tsakar gida, ga ƴaƴan mutane biyu an kawo mini. In bar na mutane in rungumi nawa? Na fara da na mutane. Da na ga zai tafi, na ɗaura zane, na ɗauki goro biyu, na tafi wurin Aziza."

"Azizar da kike cewa maganinta ko ƙuda ba ya kashewa?"

"Ita. Har gobe ba ta iya ba, Allah ya jiƙanta. Na ajiye goro na ce, ga nawa, ba ni naki. Ta zo ta duba ubanku, ni ina bayan danga ina leƙe ta kafar kara. Daga ranar, nata nawa ne, nawa nata ne. Shekara talatin ba mu shiri, ba mu taɓa saɓawa ba."

Ɗayyabu ya zaro waya da sauri.

"Bari in rubuta wa Gajere."

"Ajiye. Ba a miƙa majinyaci da yatsa kamar ana koran ƙuda. Ƙafa ake takawa. Ka hau wannan moto taka mai tari, ka same shi a kan keken ɗinkinsa, ka durƙusa."

"In durƙusa wa Gajere? Ko a tsaye nake sai na sunkuya kafin mu gaisa."

"To ka ga an rage maka aiki."

"In kuma ya ƙi?"

"Mutumin da za ka raba da surukinsa? Har hula zai ɗinka maka."

Ta kwance haɓar zaninta, ƙulli bayan ƙulli, ta ciro goro biyu farare, irin waɗanda ba ta ba kowa ko da suna. Ta miƙa masa, da ya kai hannu ta janye.

"Ka fara gyara lissafinka. Sha biyu ne, ba sha ɗaya ba."

"Sha ɗaya ne. Ni nake wurin."

"Ni ma ina wurin. Ka manta ta ranar Talata, da ya ce, Ɗayyabu, ka ga na sake tafiya, sannan ya yi tari sau biyu. Tarin nan ban so shi ba. Ƙurar siminti ce."

Ɗayyabu ya tsaya da hannu a miƙe. Wata uku yana zuwa nan yana buɗe muryar wayar, yana zaton tsohuwa gyaɗarta kawai take ɓara. Sai yanzu ya lura tabarmar da a da take can gindin bishiyar bedi, ta matso har tana taɓa turmin da yake zama.

"Ashe leƙen asirinmu kike yi."

"Ni? Awakina nake tsaro, kada ka sace." Ta danƙa masa goron. "Ɗaya na Gajere."

"Ɗayan fa?"

"Na dodon. Ka ce in ji Hinda ta Mallawa, ya sassauta hannu, yaron a baƙon wuri yake kuma ba ya cin abinci sosai."

Dariya ta ƙwace wa Ɗayyabu har ya kusa faɗowa daga kan turmin. Ita ma ta yi, tana kallon garke, tana cewa ƙaiƙayin gyaɗa ne ya shigar mata ido.

"Na sallama, amarya. A mayar da auren."

"Sai na ga ya kwana da rai. Kuma gobe nan za ka zo ka yi yaƙin, ba tudun kasuwa ba."

"Don rezo?"

"Don rezo," in ji ta. Ta jawo tabarmar ta ƙara matso da ita jikin turmin.