Gobarar Da Na Kashe a Ɗakin Dakta

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Jidda ba. Lokacin ina farrash, wato masinja, a sashen injiniya na wata jami'a: shayi, takardu, makullai. Ni mutum ne mai son tsari, komai nawa sai na jera shi ɗaya, biyu, uku.

Akwai Dakta Sabi'u, ɗan ƙasarmu da ya zo kwantiragi. Wata rana na kai masa shayi na ga wani zobe yana haske a kwamfutarsa. Ya ce, "Malam, sunanta filasma. Wuta ce da ta fi cikin rana zafi. Ba ƙarfen da zai ɗauke ta, maganaɗisu ke riƙe ta a rataye, ba ta taɓa bango. Aikina tsara na'urar da ke gyara mata zama kafin ka ƙifta ido."

Na dubi baƙin akwatin da ke gurnani ƙarƙashin teburinsa yana huro ɗumi, na ce ashe a nan wutar take! (Ban tambaya ba. A ganina tambaya zub da girma ce.) Tun daga ranar nake kewaye akwatin nan da bisimilla. Har a unguwarmu Waziriyya na ba da labari.

Ranar Talatar, manya biyar suka zo ganin aikin, su ne za su ce a sabunta kwantiraginsa ko ya koma gida. Ina zuba musu gahawa sai na ga zoben ya karkace, ya doshi bango. Allon ya yi ja, wani abu ya fara ƙara.

Ni kuwa na haddace dokar gobara. Na ɗaya, na kashe babban makunnin wutar lantarki. Na biyu, na wangale ƙofa. Na uku, na kama hannun shugabansu, dattijo mai furfura, ina cewa, "Yalla, barra! Barra!" wato maza a fita waje.

Ba wanda ya motsa.

Dakta ya dafe kai. "Malam, lissafi ne kawai. Injin yana wata ƙasa. Ni na karkatar da filasmar da gangan, don su ga yadda na'urata za ta dawo da ita."

Na tsaya da hannun bawan Allah a nawa. Na ga iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta tafi, ta Dakta na bin ta.

Sai dattijon ya fashe da dariya, ya ce, "Ya Doktor, na'urar taka za ta kai wannan sauri?"

Aka kunna. Na tsaya bakin ƙofa ina kallo: zoben ya sake karkacewa, ya yi rawa, ya koma tsakiya cak. Wallahi ƙwalla ta cika mini ido. Suka sa masa hannu a kwantiragin.

Jerina yana nan, ban rage komai ba. Na dai ƙara guda a sama da na ɗaya: tambayi Dakta.