Miyar Taushen Da Na Musanya

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo amaryar ƙanena Auwalu ba, domin a ranar ne na tashi ceton matar da ba ta nemi ceto ba, na ƙare da neman inda zan ɓoye fuskata.

Bari in fara da matar. Yayanmu Haruna ya daɗe yana ɗinki a Makka, da zaman ya ƙi sai ya dawo garinmu Ƙofa, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Ya zo da matarsa Nuriya, 'yar ƙabilar Rohingya ta ƙasar Barma. Tana ƙarama aka ƙone ƙauyensu, uwarta ta goya ta suka tsallaka kogi zuwa sansanin 'yan gudun hijira, daga can dangi suka ja su Makka. Wato ƙasarmu ce ta huɗu da ta taka, kuma babu ko ɗaya a cikin ukun farko da ta ce mata ke tamu ce.

Farkon zuwanta ta sha wahala. Mutuniyar da ta saba da shinkafa safe da rana da dare, sai ga malmalar tuwon dawa a gabanta. An ce ranar da ta fara jin warin daddawa fita ta yi da gudu, ta ɗauka wani abu ne ya mutu a madafi. Hausarta kuwa tsinto ta yi a wajen Hausawan Makka, rabi Larabci rabi nuni da hannu. Sai ƙananan maganganu suka fara yawo a dangi: ba za ta iya zaman nan ba, gara Haruna ya mayar da ita. (Ya mayar da ita ina? Babu wanda ya tsaya ya amsa wannan.)

Ni kuwa a Kano nake koyarwa, sai hutu ko sha'ani ke kawo ni gida. Na naɗa kaina lauyar Nuriya ba tare da ta ɗauke ni aiki ba. In na zo sai in zaunar da ita, in ɗaga murya kamar da kurma nake magana, ina koya mata gaisuwar da ta riga ta iya. Ita kuma sai ta yi murmushi ta ce, “Na gode, Malama.” Ni a ganina na gama mata komai.

Ana gobe za a kawo amarya daga Tudun Wada, Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta raine mu, ta raba wa matan gida aiki. Kowa ya san a bikin gidanmu abincin da ake kai wa dangin amarya shi ne mutuncin gida, kuma tun muna yara Gwaggo ba ta taɓa sakar wa kowa ludayin miyar taushensu ba. Sai kawai na ji ta ce, “Miyar baƙi, Nuriya ce za ta yi.”

Na ce a raina tsohuwar nan tarko ta ɗana, so take yarinya ta kunyata a gaban mutanen Tudun Wada, masu cewa a mayar da ita su samu abin kamawa. Da safe na leƙa madafi na hango Nuriya tana daka, ga tulin barkono a gefenta, ga wani ganye da ban sani ba wanda ta shuka a bayan ɗakinta. Ban tambaye ta ba, ban kuma ɗanɗana ba. Na dai yanke hukunci, na zame zuwa gidan ƙawata a bayan layi, na ɗora tawa tukunyar.

(A nan ya kamata in gaya muku cewa rabona da miyar taushe tun ina budurwa. A Kano taliya ce ke riƙe da ni.)

Na zuba kabewa, na zuba gyaɗa, na yi ta jefa magi kamar ina rabon alewa. Ana cikin haka aka kira ni a waya, hira ta yi daɗi, gyaɗa ta kama gindin tukunya. Da na ji ƙauri sai na ƙara garin kori, wai don ya rufe. Na juye a kula irin wadda Nuriya ta zuba tata, domin tare aka sayo su. Lokacin da guɗa ta tashi mata suka yi ƙofar gida tarbar amarya, na shiga na ajiye tawa kusa da tuwon shinkafar baƙi, na miƙa ta Nuriya zaure wajen abokan ango. Ina juyowa muka haɗa ido da ita, tana tsaye da buta a hannu. Na kashe mata ido, irin na kada ki damu, na gyara miki.

Aka shigar da abinci ɗakin Gwaggo inda iyayen amarya suke zaune. Ni ma na bi, don in ga sakamakon alherina. Gwaggo ta sa aka kira Nuriya, ta kama hannunta a gaban kowa ta ce, “Hajiya, ga 'yata. Daga nesa Allah Ya kawo mana ita. Yau ita na ba ludayina.”

Babbar yayar uwar amarya, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta yi bisimilla ta kai loma ɗaya. Ta tauna a hankali, ta kurɓi ruwa. Sannan ta faɗi maganar da har yau nake jin ta a kunnena: “Ai ta yi ƙoƙari. Baƙuwa ce, a hankali za ta koya.”

Na ga matan danginmu biyu suna taɓa juna da gwiwar hannu. Kalmar da Gwaggo ta tara mutane don ta goge, ita ce aka maimaita a tsakiyar ɗaki, kuma ni na jawo ta. Ya kamata in buɗe baki a lokacin, amma na bar Nuriya da laifin.

Nuriya ta durƙusa ta lakaci miyar ta kai baki. Ba ta ko dubi inda nake ba. Ta ce, “Ku yi haƙuri, Hajiya. Hannuna ne ya kuskure.”

Gwaggo ta dube ta, ta jawo kwanon, ita ma ta ɗanɗana. Sannan ta ɗago tana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya har ta iso kaina.

“Wannan ba hannun Nuriya ba ne,” in ji ta. “Tun damina nake zaune da yarinyar nan a madafi, ni na koya mata, har ta fi ni. Wannan ƙaurin kuwa na san shi tun mai shi tana firamare. Malama, matso kusa.”

Kamar abin bai isa ba, sai ga wata maƙwabciyarmu ta shigo da kula wayam, an sharce ta tas kamar an wanke, tana cewa abokan ango sun ce don Allah in da saura a ƙara musu, kuma a gaya wa wadda ta yi miyar Allah Ya yi mata albarka.

Na durƙusa na faɗi gaskiya, na ce tsoro na ji kada ta kunyata. Ɗakin ya fashe da dariya, har da amarya a cikin mayafinta. Dattijuwar nan ta cire gilashi tana share hawaye ta ce, “Yanzu ke da wannan miyar kika je ceton wani?”

Nuriya ta fita ta dawo da ɗan kwano. Ashe kullum in ta yi girki sai ta rage wa Gwaggo na gindin tukunya, don ta san shi take so. Hajiya ta ci, ta sake ci, ta tambayi sunan ganyen nan mai ɗan tsami, Nuriya ta ce irin yakuwar garinsu ce, uwarta ta ƙulle mata irin a bakin gyale. Kafin baƙi su tafi an ƙulla wa Hajiya nata irin, kuma ba ta sake cewa baƙuwa ba, “'yar Gwaggo” take ta kira.

Da yamma na sami Nuriya tana wanke tukwane, tana taunar goro. (Shi ta samu a madadin wani ganye da ake taunawa a garinsu, kuma a kan goron ne suka ƙulla da Gwaggo, duk ban sani ba.) Na ce, “Matar Yaya, me ya sa kika ce ke ce?”

Ta ce, “Malama, na zauna a wurare da yawa. Ko'ina in abu ya ɓaci, mu ake nunawa, kuma ba ma so. Yau ni na ɗauka da kaina, don gidanmu ne. Ke ƙanwar mijina ce, in kin ji kunya ni ma na ji.”

Wallahi maganar ta fi dariyar ɗakin nan ƙona ni, kuma tun daga ranar nake ganin girmanta. Matar da ta rasa gari sau uku, ta koyi yarenmu da tuwonmu da daddawarmu, ta kuma koyi rufin asiri fiye da ni da aka haifa a gidan.

Abin da na koya shi ne, kafin in tashi ceton mutum, in fara ɗanɗana miyarsa. Yanzu duk bikin da za a yi a gidanmu Nuriya ce ke raba aiki, kuma tana yi mini adalci daidai gwargwado. Aikina yanka albasa, a can gefe, nesa da murhu.