Sutudiyo a Cikin Armuwar

Ranar da na gama haɗa sutudiyona na ɗaukar murya a gidanmu na unguwar Banifandou, ji na yi kamar a kira 'yan jarida. Armuwar ɗin matata Hadiza ce, wato kabad ɗin tufafinta, na kwashe, na lulluɓe cikinta da soson tsohuwar katifa, na rataye mikro. Na ce mata: "Ko rago aka yanka a nan, ba mai ji."

Aikina na farko tallar sabulu ce. Ga zafin Afrilu, sai na tuɓe, daga ni sai gajeren wando, na shiga na ja ƙofa. Hadiza ba ta san ina ciki ba. Ta murɗa makulli kamar yadda ta saba, ta jefa shi a jaka, ta tafi Babbar Kasuwa.

Na tura ƙofa, ta ƙi. Na buga. Na kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Shiru. Innalillahi, ashe aikina ya yi kyau!

Sai bayan la'asar ta buɗe, mahaifiyarta na tsaye bayanta. Na faɗo jiƙe sharkaf a gaban surukata. Hajiya ta ja da baya tana salati, ta rufe fuska da mayafi.

"Maigida," in ji Hadiza, "mikron fa a kunne yake, ya naɗi komai."

Tallar ba ta fita ba. Amma har yau, duk wanda ya kira wayar Hadiza, muryata ce ke tashi: "Wayyo Inna, ku buɗe ni!"