Ɗu'um da Ɗa'am

Shekara ashirin ina Makka, ban yarda akwai Larabcin da zai kayar da ni ba. Da ƙanin matata Salisu, haifaffen unguwar Jarwal, ya ce, "Yaya, gobe za mu fatsa a Shu'aiba, kai za ka kawo ɗu'um," sai na ce, "Ɗan Yawuri za ka koya wa kamun kifi?"

Muka yi doguwar tafiya har bakin teku. Na sauke tire biyu na shinkafar bukhari da kaji, ina hura hanci.

Salisu ya riƙe baki. "Ɗu'um na ce, abin sa wa ƙugiya, ba ɗa'am, abincin mutane, ba! Ina jatan landen?"

Na ce kifi ma yana cin kaza. Bai ci ba.

Har yau in na gifta a Jarwal sai na ji, "Abu Bukhari, kifin ya ƙoshi?" A gida kuma matata ta ɗora daga inda suka tsaya.